Bita biyu sun saɓa a kan na'urar CPAP: wacce zan ɗauka?

Tambaya: Malam, ni likita ce mai neman ƙwarewa a fannin lafiyar iyali. An ba ni gabatarwa a zaman karatun mujallu na sashenmu, a kan ɗaukewar numfashi cikin barci. Na samo bita biyu da suka tattara binciken da aka yi. Ɗaya, wadda ta fito a mujallar JAMA a 2017, ta ce na'urar CPAP ba ta rage bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ba. Ɗayar, wadda ta haɗa gwaje-gwaje da binciken bibiya, inda ake bin mutane shekaru ana lura da su kawai, ta ce na'urar tana rage mutuwa sosai. An koya mana cewa irin wannan bita ita ce ƙololuwar hujja. To idan ƙololuwa biyu suka saɓa fa? Yaya zan gane mai inganci?

Amsa: Dakta, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Bari in fara da ɗan gyara a kan abin da aka koya mana, ni da ke. Dalar hujjojin nan da ake zana mana a allo, wadda aka ɗora bita a ƙolinta, ba ƙarya ba ce, amma an rage mana magana. Masu bita ba su auna ko mutum ɗaya ba. Suna zaune ne gaban kwamfuta, su tsinto abin da wasu suka auna, su sheƙe, su zuba a kwano guda. In hatsin mai kyau ne kuma aka sheƙe shi da gaskiya, an sami abin da ya fi kowane bincike guda ƙarfi. In ƙaiƙayi ne, tara shi buhu goma ba ya mai da shi tsaba. Ga shi kuma bita ta yi araha a zamanin nan. Tun 2016 John Ioannidis na Jami'ar Stanford ya rubuta cewa ana fitar da su barkatai, da yawa maimaici ne, wasu masu ɓatarwa, wasu kuma akwai hannun masu wata buƙata a ciki.

Saboda haka ni kafin in ɗauko kowace takardar tantance ingancin bita, abu uku nake nema a bitar barci: su wa aka auna, me aka auna, da wane mudu. Bitocinki biyu za su warware kansu in kika bi su ta nan.

Don masu karatu da ba likitoci ba: cutar da ake magana ita ce wadda maƙogwaro ke rufewa idan mutum ya yi barci, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta sauka a jini, ƙwaƙwalwa ta zabura ta tashe shi ba tare da ya sani ba, a yi ta haka har gari ya waye. Yawanci matar gida ce ke kawo ƙara: minshari kamar ana yanka rago, sai tsit, sai kuma ya ja numfashi da ƙarfi. Na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a birnin Sidni na Ostareliya a 1981, tana hura iska ta takunkumin fuska don ta riƙe hanyar a buɗe. Babu mai musun cewa tana buɗe hanyar, tana kuma rage gyangyaɗin rana. Gardamar a kan zuciya take.

Asalin zaton cewa tana kare zuciya ya samu ƙarfi ne daga binciken bibiya, musamman wanda Marin da abokan aikinsa suka yi a Zaragoza ta ƙasar Sifaniya, aka buga a mujallar Lancet a 2005. Sun bi maza kusan shekara goma. Masu cutar mai tsanani da ba sa amfani da na'urar sun fi mutuwa da ciwon zuciya, masu amfani da ita kuwa haɗarinsu ya yi kusa da na masu lafiya. Kowa ya yi murna. Amma ki tambaya, su wa ne waɗannan da ba sa amfani da na'urar? Ba ƙuri'a aka jefa aka hana su ba. Su ne waɗanda aka ba su suka ƙi. Mutumin da ya ƙi takunkumi kuwa, sau da yawa shi ne wanda ba ya shan maganin hawan jininsa a kan kari, ba ya dawowa asibiti ranar da aka ce, bai bar sigari ba. Wanda ya jure kwana da roba a fuska shekara goma, wani irin mutum ne daban tun kafin a ba shi na'urar.

Wannan ba zato ba ne, an taɓa auna shi. A wani babban gwajin maganin rage kitsen jini da aka yi a Amurka, wanda aka buga wannan ɓangare nasa a 1980, an duba mutanen da aka ba ƙwayar wofi, wadda babu magani a cikinta. Waɗanda suka riƙa shanta yadda aka ce, kimanin kashi 15 cikin 100 ne suka mutu cikin shekara biyar. Waɗanda suka yi sakaci da ita, kimanin kashi 28. Ƙwayar da babu komai a cikinta! Halin mai biyayya ne ya tsawaita rai. Duk lokacin da kika ga bitar da ta zuba binciken bibiya cikin lissafinta ta fito da cewa CPAP na rage mutuwa da kaso mai tsoka, ki tuna da wannan ƙwayar. Masu bita za su ce sun gyara alƙaluma don shekaru, ƙiba, sigari da sauransu. Sun gyara abin da aka rubuta a fayil. Halin mutum ba ya cikin fayil. Kuma da yake binciken bibiya na iya ɗauke da dubban ɗaruruwan mutane daga bayanan kamfanonin inshora, gwajin ƙuri'a kuwa, inda ƙuri'a ke raba wanda za a ba na'ura da wanda ba za a ba ba, dubu biyu ko uku, idan aka zuba su kwano ɗaya na bibiyar ne ke danne sauran. Abin da za ki nema a bitarki ta biyu ke nan: shin sun ware sakamakon gwajin ƙuri'a daban, na bibiya daban? In sun ware, me na ƙuri'ar kaɗai ya ce? Sau da yawa amsar tana can a shafukan rataye, inda ba kowa ke leƙawa ba.

To kada ki ce ai shi ke nan, ta JAMA ta yi nasara. Ita ma ki juya ta. Gwaji 10 ta haɗa, mutum 7,266. Tara na CPAP ne, ɗaya na wata na'ura daban ce da ake sa wa masu ciwon zuciya da numfashinsu ke ɗaukewa saboda ƙwaƙwalwa ta daina ba da umarni, ba don maƙogwaro ya toshe ba. Wannan kaɗai ya isa a yi tambaya ko cuta ɗaya ake magana. Adadin haɗarin da suka samo na manyan matsalolin zuciya 0.77 ne (1 na nufin babu bambanci tsakanin masu na'ura da marasa ita), tazarar tabbas daga 0.53 zuwa 1.13. Ki fassara wannan da Hausa: alƙaluman sun yarda a ce na'urar na rage haɗari da kusan rabi, sun kuma yarda a ce tana ƙara shi da kashi 13 cikin 100. Abin da wannan ke cewa shi ne ba a tabbatar ba. Tsakanin "ba a tabbatar tana yi ba" da "an tabbatar ba ta yi" akwai tafiya mai nisa, kuma a nan ne masu gabatarwa da yawa ke zamewa.

Sannan mafi nauyi a cikin gwaje-gwajen shi ne SAVE na 2016, mutum 2,717 masu ciwon zuciya ko waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki, da yawansu daga ƙasar Sin, aka bi su kimanin shekara uku da wata takwas. Matsala ta sami kashi 17 cikin 100 na masu na'ura, da kashi 15.4 na waɗanda ba a ba su ba. A lissafi babu tabbataccen bambanci. Amma matsakaicin amfani da na'urar awa 3.3 ne a dare. Mutum ya sa ta bayan isha, ya cire ta tsakar dare, sashen barci na goshin asuba, inda barcin mafarki ya fi yawa kuma ɗaukewar numfashi kan fi tsawo, ya yi shi ba kariya. Ƙari a kan haka, an cire masu tsananin gyangyaɗi daga gwajin, waɗanda makinsu a ma'aunin Epworth, takardar tambayoyin auna gyangyaɗi, ya haura 15, da waɗanda oksijin ɗinsu ke faɗuwa ƙwarai, domin bai halatta a jefa ƙuri'a a hana direban da ke barci a kan sitiyari magani na shekaru ba. Dalili ne mai kyau, amma sakamakonsa shi ne mutanen da aka gwada ba su ne ke zuwa asibiti da kansu suna kuka ba.

A 2023 an sake zama, wannan karon da bayanan kowane majiyyaci ɗaya-ɗaya daga gwaji uku, SAVE da ISAACC na Sifaniya da RICCADSA na Suwidin, mutum 4,186. Da aka lissafa kowa a gidan da ƙuri'a ta kai shi, babu bambanci. Da aka ware masu amfani da na'urar awa huɗu ko fiye a dare, haɗarinsu ya ragu da kimanin kashi 31 cikin 100. Masu son na'urar suka ɗauki na biyun suna ta yayatawa. Sai dai da zarar an ware masu biyayya, ƙuri'ar ta tashi daga aiki, an koma gidan jiya, gidan ƙwayar wofi. Ni a ganina akwai yiwuwar na'urar tana kare zuciyar wasu, musamman masu faɗuwar oksijin sosai da ke kwana da ita har asuba. Yiwuwa na ce. Ba na gaya wa majiyyaci cewa za ta tsawaita masa rai. Ina gaya masa za ta hana shi gyangyaɗi a wurin aiki, matarsa kuma ta sami barci, kuma wannan ina da hujjarsa.

Kin ga ke nan bitocin naki ba lallai ɗaya ta yi ƙarya ba. Tambayoyi biyu daban suka amsa, suka saka musu riga iri ɗaya.

Yanzu maganar mudu, wadda ita ce ciwon da ya keɓanta da fanninmu. Tsananin cutar ana auna shi da yawan ɗaukewa da raguwar numfashi a awa ɗaya ta barci: daga 5 mai sauƙi, daga 15 matsakaiciya, daga 30 mai tsanani. Ɗaukewa gaba ɗaya ba ta da gardama. Raguwa ce ke da ita. A 1999 an yi wata ma'ana a taron da ake dangantawa da Shikago. A 2007 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce sai oksijin ya sauka da kashi 4 sannan a ƙirga. A 2012 ta ce kashi 3 ya isa, ko ma zaburar ƙwaƙwalwa kawai ba tare da oksijin ya sauka ba. Dare ɗaya, mutum ɗaya, takarda ɗaya, amma in kika sauya ƙa'ida sai ya tashi daga mai sauƙi ya koma matsakaici. Binciken Wisconsin na 1993 ya sami kashi 9 cikin 100 na maza da kashi 4 na mata a matakin 15 zuwa sama. Binciken birnin Lozan na Suwizalan na 2015 ya sami kusan kashi 50 na maza da kashi 23 na mata. Mutanen Lozan sun fi shekaru, gaskiya ne, amma babban abin da ya sauya shi ne na'urorin awo da ƙa'idar ƙirga. Bitar da ta haɗa binciken 1995 da na 2018 ta kira su duka "matsakaiciya zuwa mai tsanani" ba tare da ta faɗi ƙa'idar kowanne ba, kamar ɗan kasuwa ne da ya auno gero da mudun kasuwanni biyar ya ce miki mudu ɗari ne cif. Ki duba jadawalin farko na bitar, wanda ke jera siffofin binciken. In babu gurbin da ke nuna ƙa'idar ƙirga da irin gwajin da aka yi, na ɗakin gwajin barci ne ko na gida ko kuwa takardar tambayoyi kawai irin STOP-Bang, to marubutan ba su san fannin ba, ko sun sani sun kau da kai.

Haka abin yake a rashin barci, sai dai ta wata fuska. A nan tambayar ita ce wa aka tambaya, na'ura ko mutum, kuma nawa ne ribar a minti. Kalmar nan ta masu lissafi, cewa bambanci "tabbatacce ne", tana ɓoye abubuwa da yawa. Bitar 2013 a kan melatonin, wani maganin da ake sha don barci, gwaji 19, mutum 1,683, ta ce yana taimakawa. Da kika buɗe, minti bakwai ya rage a lokacin da mutum ke ɗauka kafin barci ya kwashe shi, ya ƙara minti takwas a tsawon barcin. Tabbatacce ne a lissafi, amma wanda ke juyi a kan gado awa biyu ba zai ji minti bakwai a jikinsa ba. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar likitocin barci ta Amurka na 2017 suka ba da shawarar kada a yi amfani da shi don rashin barci mai daɗewa, kuma ki lura cewa duk shawarwarin magunguna da ke cikin wannan kundi, na yi da na bari, an rubuta musu "mai rauni".

Bita biyu nake so ki karanta don ki ga yadda aikin kirki yake. Ta farko ta Huedo-Medina ce da abokan aiki, a mujallar BMJ ta 2012, a kan maganin barci zolpidem da 'yan uwansa. Maimakon su tsaya ga abin da aka buga a mujallu, sai suka tafi ga takardun da kamfanoni suka miƙa wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, inda dole a kai kowane gwaji, mai daɗi da marar daɗi. Gwaji 13. Ribar da na'ura ta auna kimanin minti 22 ce a kan ƙwayar wofi, kuma kusan rabin sauƙin da masu shan maganin suka samu, masu ƙwayar wofi ma sun same shi. Ta biyu ta Glass ce, a wannan mujalla a 2005, a kan magungunan barci ga 'yan shekara 60 zuwa sama. Sun ajiye riba da hasara gefe da gefe: sai an ba mutum 13 kafin ɗaya ya ce barcinsa ya gyaru saboda maganin, amma cikin kowane shida ɗaya zai sami illa, jiri ko ruɗewa ko faɗuwa. Bitar da ta ƙirga riba ta manta hasara ta yi tuya ta manta da albasa, kuma irinta sun fi yawa. Ina tuna wannan lissafi duk ranar da na ga dattijuwa da ƙullin diazepam da aka sayo mata a kemis.

Wani tarko: bitar Trauer ta 2015 ta nuna maganin rashin barci ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wanda ba a shan ƙwaya, yana rage minti 19 kafin barci da minti 26 na farkawar tsakar dare. Wani zai ajiye 19 kusa da 22 na zolpidem ya ce ƙwaya ta ɗan fi. Ba a haka. Mudun Trauer littafin da majiyyaci ke cikewa da safe ne, na zolpidem na'ura ce. Zolpidem an kwatanta shi da ƙwayar da babu wanda ya san ta wofi ce, gyaran tunani kuma galibi da mutanen da aka bari suna jiran layi ko aka ba su 'yar nasiha, kuma kowa ya san gidan da yake. Ina goyon bayan wannan hanya a matsayin matakin farko, kamar yadda kwalejin likitocin Amurka ta ce a 2016, domin amfaninta na ɗorewa bayan an gama kuma ba ta sa tsoho faɗuwa. Amma son da nake mata bai hana ni ganin cewa ba a iya rufe idon mahalarta a gwajinta ba. Ko katafariyar bitar nan ta Lancet ta 2022, gwaji 154 da mutum sama da 44,000, mafi yawan abin da ta tara na 'yan makonni ne, alhali masu rashin barci shekaru suke yi suna shan ƙwaya.

Sai kuma bitocin da 'yan jarida suka fi so, na tsawon barci da mutuwa. Ta Cappuccio ta 2010 ta tara mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, ta ce gajeren barci na tafe da ƙarin haɗarin mutuwa kashi 12 cikin 100, dogon barci kashi 30. Miliyan ɗin na burge mutum. Amma duk tambayarsu aka yi da baki, awa nawa kake barci, kuma an san mutane na ƙara wa kansu idan aka gwada amsarsu da agogon awo na hannu. Mai dogon barcin nan kuma, barcin ne ke kashe shi, ko ciwon da ke cinsa a ɓoye ne ke kwantar da shi? Yawan mutane na ƙuntata tazarar tabbas, ba ya wanke karkatar da ke cikin yadda aka tattara bayanan. Taron tsintsiya ne, sharar ce ba a tabbatar ba.

Bayan duk wannan ne nake ɗauko takardar tantancewa. Wadda aka fi amfani da ita AMSTAR 2 ce, ta 2017, mai tambayoyi 16. Sunanta ya so ya yi kama da "amsa" tamu, amma ba ta ba da amsa, tana kama sakaci ne kawai. Bakwai daga cikin tambayoyin su ne ginshiƙai. Shin an yi rajistar tsarin aikin kafin a fara? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ki shiga rumbun PROSPERO, wanda Jami'ar York ta Ingila ke riƙe da shi tun 2011, ki gwada abin da suka ce za su auna da abin da suka buga. In an ce za a auna mutuwa aka dawo ana maganar makin gyangyaɗi, an sauya doki a tsakiyar sukuwa. Sauran ginshiƙan: faɗin neman da aka yi, jerin binciken da aka zubar tare da dalili, auna karkatar kowane bincike, dacewar hanyar haɗa alƙaluma, ko an tuna da karkatar lokacin yanke hukunci, da kuma neman alamar an ɓoye sakamakon da bai yi daɗi ba. Ginshiƙi ɗaya ya faɗi, amincewa ta koma ƙasa. Fiye da ɗaya, ƙasa ƙwarai. Kada ki tara maki ki ce 12 bisa 16. Masu takardar sun hana hakan, domin bita na iya cin ƙananan tambayoyi tara ta faɗi a wadda ke ɗauke da rufin.

Abu biyu da ke yaudarar masu farawa. In marubuta suka ce sun bi PRISMA, ba su ce aikinsu ya yi kyau ba. PRISMA ƙa'idar yadda ake rubuta rahoto ce, mai abubuwa 27, kuma ana iya rubuta mugun aiki da kyakkyawan tsari. Sannan zanen mazurari da ake nunawa don a ce ba a ɓoye komai ba, ba shi da ƙarfi in binciken bai kai 10 ba, bitocin barci da yawa kuwa ba sa kaiwa. Ki kuma ƙirga da kanki ko an saka rukunin mutane ɗaya sau biyu. Manyan rukunan bibiya irin na Wisconsin sun haifi takardu da dama, kuma mai gaggawa na iya ɗaukar takarda biyu a matsayin bincike biyu. Na taɓa mai da wani rubutu da aka aiko mini dubawa saboda wannan kaɗai.

Ki duba wa ya biya kuɗin, amma kada ki tsaya nan. Kuɗin kamfani ba ya mai da aiki ƙarya, yana dai nuna miki inda za ki ƙara haska fitila. Misalin da ya shafe mu kai tsaye: ƙiyasin nan na 2019 da ake ta ambato, cewa mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 na da cutar a duniya. Kamfanin ResMed, mai ƙera na'urar CPAP, ya ɗauki nauyinsa, an kuma faɗi haka a fili. Bayanan da aka gina shi a kai daga ƙasashe 16 ne, sauran ƙasashe an kwatanta su ne da wata da ake ganin sun yi kama. Najeriya ta fito cikin goman farko a yawan masu cutar, alhali ba ta cikin 16 ɗin. In za ki kawo wannan adadi a gabatarwarki, ki kawo shi da wannan bayani a bayansa.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da takardar AMSTAR ba ta yi, tsarin GRADE na auna ƙarfin hujja ne ke ɗan taɓa ta da sunan ko hujjar ta shafi mutanenki kai tsaye. Ma'aunin Epworth, wanda Murray Johns ya tsara a Melbon a 1991, yana tambayar mutum yiwuwar ya yi gyangyaɗi yana karatu, yana kallon talabijin, yana zaune bayan abincin rana ba tare da ya sha giya ba, ko yana cikin mota a cunkoso. Ki karanta wa manomi ko matar da ba ta fita waɗannan tambayoyi ki ga nawa za su bari babu amsa. Barcinmu ma a rabe yake: a tashi asuba, wasu su koma, a yi ƙailula da rana, ga zafin bazara, ga sauro, ga ƙarar janareton maƙwabci, ga watan azumi da ke juya komai. Na'urar awon oksijin da ake maƙalawa a yatsa, wadda ƙa'idar kashi 3 da kashi 4 ta dogara da ita, binciken Sjoding na 2020 a Mishigan ya nuna ta fi kasa gano ƙarancin oksijin a baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata. Ita kanta CPAP wuta take so har gari ya waye. In a gwajin da ake bibiyar mutane ana kira ana lallashi an tsaya a awa 3.3, ki ƙiyasta abin da zai faru a gidan da wuta ke ɗaukewa ƙarfe ɗayan dare.

Ranar gabatarwar, ƙanwata, kada ki fara da kammalawar kowace bita. Ki sa jadawalin siffofin binciken na kowacce a allo ɗaya, gefe da gefe, ki ja layi ƙarƙashin irin binciken, ƙa'idar ƙirga, awannin amfani da na'ura, da waɗanda aka cire. Daga nan ki nuna sakamakon gwajin ƙuri'a kaɗai daga bita ta biyu kusa da na JAMA; ina kyautata zaton za ki tarar sun fi kusa da juna fiye da yadda taƙaitawarsu ta nuna. In shugaban sashe ya ce to wacce kika ɗauka, ki ce masa a kan zuciya da mutuwa kin ɗauki ta ƙuri'a, da sharaɗin cewa ba ta yi magana a kan masu tsananin gyangyaɗi ba, kuma direban tirelar da ke barci a kan hanya za ki nema masa na'urar ko da babu ɗaya daga cikin bitocin biyu.